Ritaya a bakin teku: Gambiya, Turkiyya, ko dai in koma Kano? Dan Allah a ba ni shawara

Baban Walida

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kuma zan ɗan tsawaita, ku yi haƙuri da ni. Ni ɗan Kano ne, shekarata 27 a Ingila, a Manchesta nake, tuƙin bas nake yi tun 2001. Bana na cika 63. Yara uku duk sun kawo ƙarfi, biyu sun yi aure, autar tana jami'a saura mata shekara ɗaya, gida ya kusa komawa daga ni sai uwargida.

Gwiwa ce ta jawo min wannan tunanin. Daga Nuwamba har Maris gwiwata ta dama ba ta barina barci, in na tashi asuba sai na dafa bango kafin in kai banɗaki. Likita ya ce sanyin ƙashi ne na shekaru da yawan zaman tuƙi, ya kuma ce bitamin D ya yi ƙasa a jinina, wai mu masu baƙar fata gara mu riƙa shan ƙwayarsa duk shekara don ranar garin nan ba ta isarmu. Kuma gaskiyarsa ne, a Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, ka fita aiki da duhu ka dawo da duhu, kana sallame la'asar ka ɗan juya sai magariba. Ga kuɗin gas da wuta, tun da suka tashi a 2022 muka koma kunna hita da lissafi, awa biyu da safe uku da dare, uwargida tana yawo a falo da rigar sanyi biyu da safa.

To a Janairun da ya wuce babban ɗana ya biya mana hutun sati biyu a Gambiya, awa shida da ɗan wani abu a jirgi. Wlh a kwana na huɗu sai ga ni ina takawa a kan yashi daga Kololi har wajen Bijilo ba takalmi, na je na dawo ban tuna da gwiwa ba sai da uwargida ta ce ina sandarka, ashe a ɗaki na baro ta. Da asuba kiran salla ne ya tashe ni, masallatai har uku ina jiyo su, ba ƙarar waya ba. Na zauna a bakin gado na yi shiru, rabon da in ji haka tun zuwana gida na ƙarshe. Nama kuwa ba sai ka tambaya ko na halak ne ba, ka saya kawai ka ci.

Tun da muka dawo abin ya tsaya min a rai. Abokan aikina Turawa da suka yi ritaya da yawa sun tafi Sifaniya ko Fotugal, wasu Turkiyya, duk dalilinsu ɗaya ne, rana da sauƙin rayuwa. Ni kuma ina da gida a Kano tun 2012 na gama shi, ƙanina na zaune a sashe ɗaya. Amma uwargida tana da asma, hazon Disamba da Janairu ba ya yi mata da daɗi ko kaɗan, zafin Afrilu da Mayu kuma kun san shi, sama da 40.

Tambayata, akwai wanda ya yi ritaya ya koma irin waɗannan garuruwan na bakin teku, ko ya san wanda ya yi? Me ya kai ku, me kuka tarar? Ya maganar fansho, ya asibiti? Ina da fasfon Birtaniya da na Najeriya duka, uwargida ma haka. Kar a ɓoye min komai dan Allah.

Hajiyar Brufut

Wa alaikumussalam ƙanina. Ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, don ni abin da kake tunani shi na yi. Shekara 30 na yi ina aikin jinya a Birmingham, 2019 muka tattaro ni da Alhaji muka dawo Brufut, nan gaba kaɗan da Bijilo ɗin da ka taka.

Daɗin da ka ji ba ƙarya ba ne. Daga Nuwamba zuwa Mayu garin nan ban san na biyunsa ba, da rana ɗumi da dare iskar teku, ba ka buƙatar hita ba ka cika buƙatar AC ba. Ciwon kafaɗa da bayan da na kwaso wajen ɗaga marasa lafiya bai warke ba, ba zan yi maka ƙarya ba, amma ya lafa sosai, kuma ina ga rabin maganin tafiya ce, a can wata biyar kana ƙunshe a ɗaki, a nan kullum bayan asuba sai mun taka kusan awa ɗaya. Da yamma wajen ƙarfe 5 mukan je Tanji lokacin da kwale-kwalen masunta ke dawowa, ka ga mata sun shiga ruwa har ƙugu da bahuna a ka suna taro kifi, tsuntsaye na ta shawagi, hayaƙin rumfunan bandar kifin bonga ya tashi. Akwai wadda nake saye a wajenta, ta san ni, tun daga nesa take ɗaga min wanda ta ajiye min, a gabana za ta kankare ta yanka. Kifin da a Birmingham sai ranar albashi, a nan sau huɗu a sati muke ci. Burodin tapalapa a shagon Bafulatani a bakin layi, in an yi la'asar samari sun ɗora ataya a ƙofar gida sai sun aiko wa Alhaji kofin farko. Mutanen suna da girmama babba irin na gida, sama da kashi 90 musulmi ne, Turanci ne harshen gwamnati kuma za a fahimce ka a kasuwa duk da Wolof da Mandinka da Fulatanci aka fi yi. In kai ɗan Tijjaniyya ne Kaulaha ma nan kusa take, ka tsallaka Barra a jirgin ruwa daga Banjul ka shiga Sanagal, yini ɗaya ka je Madina Baye, lokacin Maulidi har 'yan Kano muke haɗuwa da su a hanya. Da fasfonka na Najeriya za ka shigo ba biza ka yi kwana 90 saboda ECOWAS, takardar zama kuma duk shekara ake sabuntawa, ta 'yan ECOWAS ta fi arha.

Amma kai a Janairu ka zo, lokacin da garin yake amarya. Ka dawo a Satumba ko Oktoba ka gani. Gumi ne kamar an rufe ka a tukunya, ka yi wanka ka fito kana jiƙe, takalman fata da jakunkuna duk su yi fumfuna a cikin durowa, layukan cikin unguwa su zama tafki, sauro kuma ya samu gari. Kai da ka shekara 27 a waje jikinka ya manta maleriya, in ta kama ka ba irin ta da ba ce, Alhaji sai da ya kwana uku ana ƙara masa ruwa a daminarmu ta farko. Iskar gishiri kuma tana cin ƙarfe, get ɗinmu shekara biyu ya yi tsatsa, firji da fanka duk ba sa daɗewa. Wuta ana ɗaukewa, sai da muka sa sola muka huta.

Fili, kar ka saya daga zuwa. Mu mun saya a hannun wani da takardu har da sa hannun dattawa, muka fara ɗora bulo sai ga wani da nasa takardun na fili ɗaya. Shekara biyu ana kai da kawo, ƙarshe mun haƙura da rabin kuɗin. Ka kama haya tukuna, ko da za su ce ka biya ta wata shida ko shekara gaba ɗaya, ya fi maka.

Babbar maganar ita ce asibiti, kuma da idon ma'aikaciyar jinya nake faɗa maka. Hawan jini, suga, maleriya, ƙananan abubuwa, akwai asibitocin kuɗi da za su duba ka lafiya lau. Amma 2023 Alhaji ya tashi da safe bakinsa ya karkace hannun hagu ya ƙi ɗaguwa, na san me nake gani, shanyewar ɓarin jiki ce. Irin wannan mintoci ake ƙirgawa. Mun samu taimakon farko a nan, amma sauran gwaje-gwaje da ganin ƙwararre sai da muka dangana da Dakar, komai da kuɗin aljihu, kuɗin da muka ware na gini a can suka tafi. Alhamdulillah yana takawa yanzu da sanda. Ban yi nadamar dawowa ba, shi ma da bakinsa yake cewa da a Birmingham ne da yana kwance a ɗaki yana kallon bango, a nan maƙwabta ne ke riƙo shi zuwa masallaci. Amma ka ware kuɗin ciwo daban wanda ba za a taɓa ba ko biki ko suna. Kuma asmar matarka, ka sani nan ma hazo yana ɗan leƙowa a Disamba da Janairu, bai kai na Kano ba sam, amma fumfunar damina ita ma tana tayar da asma, sai ta gwada da jikinta.

Mai Lissafi

Baba sannu da ƙoƙari. Ni a Leeds nake, aikin akanta nake yi, bari in tsaya a kan fansho kawai don nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami ba su sani ba.

Tunda 63 kuke, fanshon gwamnati sai kun cika 67 za ku fara karɓa, duk wanda aka haifa tsakanin farkon Maris 1961 da farkon Afrilu 1977 haka abin yake. Cikakken kuɗin a Afrilun 2025 fam 230.25 ne a sati, shi ma sai mutum ya tara shekara 35 na biyan National Insurance, wato kuɗin inshorar gwamnati da ake cirewa a albashi, yake samun cikakke, ku da 27 za a ba ku gwargwado ne, don haka ku fara shiga shafin gwamnati ku duba hasashen naku, akwai damar cike wasu shekarun da kuɗi in ya biya.

Za su tura muku kuɗin duk ƙasar da kuke a duniya, wannan ba matsala. Matsalar ita ce ƙarin shekara-shekara. A Birtaniya duk Afrilu ana ƙarawa da wanda ya fi yawa a cikin uku, hauhawar farashi ko tashin albashi ko kashi 2.5. A 2023 kashi 10.1 aka ƙara, 2024 kashi 8.5, 2025 kashi 4.1. To wannan ƙarin ba ko'ina yake bin mutum ba. In kuna ƙasashen Tarayyar Turai ko Suwizalan, ko ƙasar da suka yi yarjejeniya da ita kamar Turkiyya, Amurka, Jamaika, Filifins, Moroshiyas, za a riƙa ƙara muku. Amma Gambiya, Gana, Najeriya, Maroko, kai har Kanada da Ostareliya, fanshon daskarewa yake yi a kan adadin da kuka fara karɓa a can, har iya rayuwa. Ku lissafa da mafi ƙanƙantar ƙarin ma, kashi 2.5, wanda ya fara da 230 bayan shekara 10 na Manchesta yana karɓar wajen 295 na Brufut yana nan a 230. Fam 65 duk sati, kuma a lokacin ne jiki ya fi cin magani. In mutum ya dawo Birtaniya da zama ana mayar masa da adadin da ake kai, amma abin da ya wuce ya wuce.

Sai NHS, hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya. Ba fasfo take dubawa ba, zama take dubawa. In kun tare a wata ƙasa gaba ɗaya, ba za ku riƙa zuwa a yi muku aikin gwiwa kyauta ku koma ba. Waɗanda suka tafi Sifaniya ko Fotugal suna karɓar fanshon gwamnati suna da takardar S1, Birtaniya ce ke biya musu asibitin can, wannan na cikin abin da ke kai Turawan nan can ba rana kaɗai ba. Amma tun ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai kwana 90 cikin 180 kawai ake yi ba biza, bizar zaman Sifaniya ta marasa aiki kuma sai an nuna kuɗin shiga wajen yuro 2,400 a wata, ga ƙari na mata. Fotugal ta fi sauƙi, da mafi ƙarancin albashinsu suke aunawa.

Shawarata in za a yi aikin gwiwar a yi shi kafin a motsa ko'ina.

Ɗan Gwammaja

Baba ku gafarce ni in na yi rashin kunya, sa'an ɗanku ne ni. Amma wlh abin ya ɗaure min kai. Shekara 27 kuna baƙunta, yanzu Allah ya kawo lokacin hutu kuma sai a sake wata baƙuntar? Ga gida kun gina, ga 'yan uwa, ga jikokin dangi da ba su san fuskarku ba sai a waya. Zafin Kano wata biyu ne zuwa uku, a sa sola a sa AC an wuce wajen, hazo kuma Mama ta riƙa tafiya wajen yara a lokacin. Mahaifina ya yi shekara 20 a Jidda ya dawo, yau in ya fito ƙofar gida bayan la'asar tabarma cika take, ranar da bai fito ba sai an shigo an duba shi. Teku ba ta gaishe da mutum Baba. Kuma duk mai rai mamaci ne, ranar da ta Allah ta kasance wa zai ɗauki makara a Gambiya, su wa za su tsaya a sahu?

Baban Walida

Ɗan Gwammaja ba ka yi rashin kunya ba ɗana, Allah ya yi maka albarka, abin da ka faɗa shi ke hana ni barci fiye da gwiwar. Amma bari in gaya maka abin da na gani. Zuwana na ƙarshe wata biyu na yi. Majalisarmu ta da mu tara ne, huɗu sun rasu, biyu suna Abuja wajen 'ya'yansu, ɗaya ba ya gane mutane. Na zauna a ƙofar gidan da na gina da gumina yara suna wucewa suna cewa ga ɗan Landan. Kullum kafin in karya mutum biyar na jira a zaure, kowa da takardar asibiti ko ta makaranta, kuma duk gaskiya suke faɗa ba wanda ya zo cuta, amma fanshon direba ba zai ɗauka ba, ni kuma ban iya cewa babu ba. Uwargida sati na uku da zuwanmu aka kwana da ita a asibiti ana sa mata iska. Ga 'ya'yana da jikata duk suna nan Ingila, daga Manchesta zuwa Kano sai ka canja jirgi ka yini a hanya. Ban cire Kano daga raina ba, wa zai iya, amma ina tsoron in koma in tarar baƙuntar ta fi ta nan ciwo.

Hajiya na gode ƙwarai, Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya ya sa kaffara ne. Mai Lissafi wlh ban taɓa jin maganar daskarewar nan ba sai yau, na ɗauka fansho fansho ne duk inda kake. Tunda ka ce Turkiyya ana ƙarawa, ko akwai mai zama can?

Abu Hanifa Alanya

Akwai Alhaji, ga ni. Ni daga Jamus na yi ritaya, asalina Damagaram, shekarata huɗu a Alanya. Abin da ya kawo ni kusan naka ne, sanyi da kaɗaici, sai kuma ina son inda zan ji kiran salla amma asibiti na kusa. Ta wannan fannin ban da ƙorafi, asibitocin gwamnati da na kuɗi duk akwai a garin, babban abu kuma Antalya na nan wajen awa biyu a mota, an yi min aikin ido a nan na koma gida a ranar. Titi lafiya, wuta ba ta tafiya, ruwa a famfo. Ranar Juma'a akwai kasuwar ƙauye a tsakiyar gari, tumatir, lemo, zaitun, cuku, ayaba ma a nan gefen dutse ake nomanta. Jirgi zuwa Ingila awa huɗu da ɗan kai, yaranka za su riƙa zuwa ba wahala.

Amma kar a ce maka babu sanyi. Disamba zuwa Fabrairu ruwan sama ake yi sosai, gidajen kuma don zafi aka gina su, tayil ne ko'ina ba hita a bango, da AC muke ɗumama ɗaki, wani dare cikin gida ya fi waje sanyi. Bai kai na Turai ba ko kusa, da rana za ka zauna a baranda ka sha hantsi, amma mai ciwon gwiwa ya sani. Yuli da Agusta kuma zafi da gumi ga 'yan yawon buɗe ido sun cika gari, shigar da ake yi a bakin ruwa ba wadda za ka so ka fita da iyali ba ce, ni a watannin nan bayan asuba kawai nake zuwa.

Kuɗi kuma, arhar da ake ba da labari ta ragu. A ƙarshen 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 80 a lissafin gwamnati, haya ta ninka ta sake ninkawa bayan da 'yan Rasha da Yukren suka kwararo. Izinin zama da suke kira ikamet shi ma ya yi tsauri, unguwanni irin su Mahmutlar an rufe su ga sababbin baƙi a 2022, kuma tun Oktoban 2023 in ta hanyar sayen gida kake so sai gidan ya kai dala 200,000. Dokar tana yawan canjawa, ka bincika sabuwa kafin ka sa kuɗinka.

Abin da ya fi damuna dai harshe ne. Huɗuba da Turkanci, hira a shagon shayi da Turkanci, maƙwabcina mutumin kirki ne yana kawo min lemo daga gonarsa amma daga gaisuwa sai murmushi. Sai in yi sati uku ban yi Hausa da kowa ido da ido ba. Maganar yaron nan ta makara, nan dai za a yi maka sutura irin ta musulunci cikin gaggawa, ƙaramar hukuma ce ke da motar gawa da wurin wanka, har sanarwa ake yi a lasifikar masallaci. Sai dai waɗanda za su tsaya ba su san sunan babanka ba. Ni matata ta rasu tun a Jamus, ni kaɗai ne, kai da kake da taka a gefe wataƙila abin ya zo maka da sauƙi.

Ɗan Zongo

Salamu alaikum Alhaji. Ina ta jira wani ya ambaci Gana ba wanda ya yi. Kuna neman teku da rana da kuma mai yi muku Hausa, to ai mu nan duka uku muna da su. Ka sauka Accra ka shiga Nima ko Mamobi ko Sabon Zongo, daga mai koko da ƙosai har limami Hausa za su yi maka, tamu ta ɗan bambanta da ta Kano amma kwana biyu kunnenka ya saba. In hayaniyar Accra ta yi maka yawa, don gaskiya cunkoson mota da tsadar haya sun yi yawa, ka gangara Cape Coast ko Sekondi da Takoradi, duk akwai zongo, teku kuma da ƙafa za ka je. Zafinmu ba ya kai na Kano, yawanci 30 zuwa 33 ne, Yuli da Agusta ma har sanyi-sanyi ake yi. Ga waace, wato shinkafa da wake, da tuwon zafi, ga babban masallacin ƙasa a Kanda da aka buɗe 2021, Juma'a a can sai ka ga kamar kana gida. Suna, aure, jana'iza, in ka zauna wata uku kana zuwa masallaci ɗaya an san ka, ranar da ba a gan ka ba za a biyo sawu. Asibiti akwai Korle Bu da na kuɗi da yawa a Accra, jirgi kai tsaye zuwa Landan kullum, zuwa Najeriya kuma awa ɗaya ne ka sauka Legas, in an yi rasuwa a Kano za ka iya samun sadakar uku.

Abin da zan ja maka kunne, masu gida suna neman hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule duk da doka wata shida ta ce, baƙo kuma ba ya mallakar fili sai dai haya ta shekara 50 iyaka, rigimar fili ma irin wadda Hajiya ta faɗa muna da ita har ta fi. Fanshonka kuma zai daskare kamar yadda ɗan uwa ya lissafa. Amma kawuna ya dawo daga Hambog bayan shekara 35, yana Takoradi yanzu, da safe yana bakin ruwa da carbinsa da yamma yana majalisa, da ya zo da ƙyar yake hawa matakala.

Hajiyar Brufut

Ƙanina in ƙara maka ɗaya da na manta. Akwai wasu ma'aurata 'yan Sakkwato da ke zuwa nan duk shekara, su ba su tare ba, gidansu na Ingila na nan, suna zuwa farkon Nuwamba su koma ƙarshen Maris, sanyin can ya wuce su daminar nan ma ta wuce su, likitansu da fanshonsu duk ba abin da ya taɓu tunda can ne mazauninsu. Sai dai kuɗin gida biyu ne, kuma ka tambayi Mai Lissafi iya kwanakin da za ka yi a waje ba tare da an ce ka tashi ba. Ka zauna da matarka ku yi maganar da kyau, ita ce za ta yi nesa da jikarta.

Baban Walida

Allah ya saka wa kowa da alheri, na karanta wa uwargida duka daren jiya har da na Ɗan Gwammaja, a nan ne ta yi hawaye. Mun tsayar da cewa zan fara ganin likita kan aikin gwiwar, in duba hasashen fanshon kamar yadda aka ce, sannan hutun bana mu zo Gambiya a Satumba ba Janairu ba, mu ga yadda ƙirjinta zai yi da gumin. Ɗan Zongo ban taɓa kawo Gana a raina ba, ita kuma uwargida tun jiya Takoradi take ta tambaya. Dan Allah ya hazo yake a can wajen Disamba, yana sauka har bakin teku ne ko a arewa yake tsayawa? Mai Lissafi kuma ina jiran amsar tambayar Hajiya ta yawan kwanakin.